Baƙar Tauraruwa a Gwangwanin Shayi

Wata guda bayan Sallar Layya, wata Laraba da hantsi a farkon shekarun alif ɗari tara da sittin, na aurar da 'yar tsanata a bayan ɗakin kakata a Karantina, unguwarmu a birnin Jidda. Shekarata tara a lokacin. Amaryar da ƙashin ƙafar rago na yi ta, na kankare shi fes da fasasshen gilashi, na liƙa mata gashin baƙin zare da ƙaro, na ɗinka mata zane da ƙyallen da na roƙo wurin telan layinmu. Bayan layya kowace yarinya a unguwar tana da sabuwar 'ya, don ƙashi ya wadata, saboda haka bukukuwa suka yi ta bin juna kamar na manya. Ƙawata Sa'adiyya ce uwar ango. Ta zo da dangin miji, yara shida da akuya ɗaya da ta biyo su ba gayyata, ta ɗaga amaryata ta juya ta gaba da baya, ta taɓe baki ta ce amarya ba ko sarƙa a wuya, sai ka ce wadda aka tsinto a bakin teku. Wannan magana ta yi mini zafi ƙwarai. Na ce su jira ni, na shige ɗakin kakata da sanɗa, na ɗaga matashinta, na ɗauko abin da duk gidanmu babu wanda ya taɓa gigin taɓawa.

Gwangwanin shayi ne ƙarami, fentinsa ya koɗe, an ɗaure murfinsa da igiyar rama. Kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda ake yi a Sudan inda aka haife ta, ta shekara goma sha ɗaya tana kwana da shi a ƙarƙashin kanta. Ba nata ba ne. Wani dattijo ne ya bar mata, Malam Ibrahim, wanda ya sauka a gidanmu tun kafin a haife ni, ya yi wata biyu yana jiran aikin Hajji. Ranar da zai ɗaura harami ya miƙa mata gwangwanin ya ce abin da ke ciki ba irin wanda ake zuwa gaban Allah da shi ba ne, ta ajiye masa. In ya dawo ya karɓa, in bai dawo ba, na 'yarsa Hadiza ne. Bai dawo ba. Ya yi tsayuwar Arfa lafiya, zafi ya kayar da shi a Mina, kakana da ke raye a lokacin shi ya yi masa sutura. Tun daga ranar Habboba ba ta buɗe gwangwanin ba, ba ta ko girgiza shi ta ji ƙarar abin da ke ciki ba. Takan ce, “Amana ajiye ta ake yi, ba a leƙa ta.” Kuma duk sanda ciwon ƙirjinta ya motsa, ba mutuwa take tsoro ba, tsoronta ta je lahira da kayan Hadiza a wuyanta.

Ba zama ta yi ba kuwa. Kowace shekara in jiragen ruwa suka fara zubo alhazai, sai ta soya gyaɗarta, ta daka yajinta, ta ɗora mini faranti a ka, mu nufi masaukin alhazan da ke kusa da tashar jirgi. Ni talla nake yi, ita cigiya. Takan tsaya a kan kowane gungu na mutanen Najeriya ta gaishe su, sannan ta tambaya ko akwai wanda ya san Malam Ibrahim mutumin Kano, dogo, mai tabo a haɓa, mai 'ya Hadiza. Kanawa mutanen kirki ne, amma ba su iya riƙe dariya ba. Wani ya taɓa ce mata, “Hajiya, ai rabin Kano kika kira.” Ita dai abin da ta sani shi ne Malam Ibrahim ya ce daga Kano ya taso. Ko da yake jinin Hausawa ce, Habboba ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. A bakin kogin Nilu ta buɗe ido, can ta yi aure, daga can ta haye zuwa Jidda, don haka a wurinta duk abin da ke yamma da Sudan Kano ne, sai dai Kano ta kusa da Kano ta nesa.

Karantina ta wancan zamani gari ce ta katako da kwano da buhu. Ɗakunanmu da allunan akwatunan kaya aka yi su, waɗanda mazan unguwa ke kwasowa daga tasha, har a bangon ɗakin Habboba akwai rubutun wata ƙasa a kife wanda babu mai iya karantawa. Da asuba masu ruwa ke ratsa layi da garwa biyu a sanda, mu kuma yara mu bi su da kofi muna taren abin da ke ɗiga. Awaki na cin takardar siminti, hankaki na jiran a juya baya ya sure nama daga kan igiya, iska in ta kaɗo daga teku ta zo da warin kifi da gishiri, komai na ƙarfe kuma tsatsa ta cinye shi cikin shekara. Aikina kullum ɓarar gyaɗa ne da tankaɗen yaji har in yi ta atishawa, sai wankin kwanuka da toka da yashi, sai makarantar allo a zauren wata malama da ke koyar da mu da Hausa tana tsawata mana da Larabci. Da an tashe mu sai 'yar carafke da langa har ƙafa ta yi fari. Ba mu san muna cikin rashi ba, don duk wanda muka sani haka yake.

Igiyar gwangwanin ta ba ni wahala, sai da na sa haƙori. A ciki akwai auduga, a cikin audugar kuma wani abu da ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ƙarfe ne fari mai reshe huɗu, kowane reshe da baki biyu masu tsini, an shafe shi da wani fari mai sheƙi an zagaye gefensa da shuɗi. A tsakiya ga tauraruwa baƙa wuluk, a sama ga zoben ganye kore, sannan ƙyalle mai launin sararin sama da ya ɗan koɗe. Na rataya wa amaryata, ya rufe ta tun daga wuya har ƙafa, na fito da ita ina taƙama. Muka yi guɗa, muka kaɗa garwa, muka raba gyaɗa. Ana tsakiyar kai amarya ne uwar Sa'adiyya, Khala Mairo, ta fito shanya. Ta dubi 'yar tsanar, ta matso, ta sake duba, sai kwanon wankin ya suɓuce daga hannunta. Ta ce, “Ke Zainabu, ina kika samo salib?” Ban san ma'anar kalmar ba a lokacin. Gicciyen Nasara take nufi, kuma kafin azahar babu gidan da bai ji cewa an ga gicciye a ɗakin Habboba ba.

Habboba ta dawo daga kasuwa ta tarar da mata cike da tsakar gida. Ba ta kula kowa ba. Ta karɓi abin daga hannuna, ta dube shi, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, ta mayar cikin audugarsa, sannan ta dube ni ta ce, “Dukanki na nan, bari in gama da mutane.” Mutanen kuwa ba su gamu da sauƙi ba. Wasu suka ce dama sun ga alamar dattijon nan bai cika yawan magana ba, wasu suka ce ai ya fi kowa daɗewa a sujada, to me ya haɗa shi da wannan. Da Babana ya dawo daga tasha inda yake dako, hankalinsa ya tashi sosai. Ya ce mu baƙi ne, takardunmu na zama da ƙyar aka same su, in maganar ta kai kunnen hukuma wa zai tsaya ya saurari labarin wani alhaji da ya rasu tun tuni. Ya ce, “Inna, halas, ya isa haka, ki ba ni in jefa shi a teku gobe, mu huta. Iƙamarmu, takardar zaman nan, ta fi ƙarfe.” Habboba ta ce amana ba a ba kifi ajiyarta. Suka ja, suka ja, a ƙarshe ta ce ya ba ta zuwa Juma'a, in ba ta gano ko mene ne ba, za ta sake tunani. Na san ba za ta sake wani tunani ba, shi ma ya sani.

Washegari da sassafe ta ja hannuna muka hau motar haya zuwa Bab Makka. Ta ce tunda ni na ɓallo ruwa, ni zan riƙe gwangwanin. Muka ratsa masu atamfa da masu turare da masu soya kifi, muka shiga wani lungu da rana ba ta sauka cikinsa, inda wani tsoho mutumin Hadramaut, Ammi Salim, yake da shago. Tsofaffin kaya yake saye wurin alhazan da guzurinsu ya ƙare, takubba da wuƙaƙe da agogon aljihu da butocin tagulla, ya sayar wa ma'aikatan jiragen ruwa da Turawan da ke tara kayan soja na dā. Yana jin Hausa daidai gwargwado, irin wadda ake koya a bakin ciniki, yana mai da namiji mace, mace namiji. Habboba ta sa ni na tsaya a ƙofa na kare haske da mayafina, sannan ta buɗe audugar kamar mai nuna wa likita miki. Ammi Salim ya duba sau ɗaya ya kama dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Ya Hajja, wannan ba na coci ba ne. Nishan ne, lambar girma. Sarakuna yana ba mutum in ta yi aiki mai kyau.”

Habboba ba ta yarda da maganar baki ba, ta ce ya nuna mata. Sai ya jawo wani faifan katako da aka shimfiɗa wa jan ƙyalle, cike da irin waɗannan abubuwa, ya shiga koya mana kamar 'yan makaranta. Ya ce nishan ba a fara duba shi daga fuska, daga ƙyalle ake farawa, don kowace ƙasa da launin da take ɗaura wa nata. Ya nuna mana na Turkawa mai jan ƙyalle da jinjirin wata, ya nuna na Masar, ya nuna wani na Habasha mai kambi a ka. Bayan ƙyalle sai tsakiya, bayan tsakiya sai abin da aka rataye shi da shi. Ya ce yawancin na Turai reshe huɗu ko biyar suke yi musu, al'adarsu ce, ko da wanda za a ba ɗin limami ne. Ya ɗauko wani littafi da bangonsa ya rabu da shi, wanda wani kyaftin ɗin jirgi ya bar masa, ya yi ta lasar yatsa yana buɗawa har ya tsaya a wani shafi, ya juyo mana da shi. Ga namu nan a zane, reshe huɗu, zoben ganye, tauraruwa a tsakiya. Ya ce sunansa Baƙar Tauraruwa, asalinsa daga wata masarauta ce ta bakin teku a Dahomey, daga baya Faransa ta karɓe shi tana ba waɗanda suka yi mata aiki a ƙasashen baƙar fata, hakimai da sojoji da tafintoci. Namu fari ne ba ruwan zinariya, kuma babu ƙullin fure a kan ƙyallen, saboda haka matakin farko ne a cikin matakansa.

Saura a san na gaske ne ko kwaikwayo, don ya ce akwai masu zuba dalma su shafa fenti su ruɗi Turawa. Ya ƙwanƙwasa farin wurin a haƙorinsa, ya ce wannan mina ce, gilashin da ake narkawa a kan ƙarfe, fenti ba ya wannan ƙara. Sannan ya manna wani ɗan madubi a idonsa ya daɗe yana bin zoben sama, ya yi murmushi, ya kira ni ya ce idona ya fi nasa, in faɗa wa kakata abin da na gani. Na leƙa. A jikin zoben akwai wani ɗan tambari da bai kai ƙwayar gero ba, amma a cikin madubin ya fito sarai, kan dabba ne mai dogon baki da haure. Na ce kamar kan alade. Ammi Salim ya ce shi ne, aladen daji ne, hatimin da masu awon azurfa na birnin Paris ke bugawa don shaida cewa azurfa ce tsantsa. Habboba ta zauna a kan wani buhu ba tare da an ce ta zauna ba. Shekara goma sha ɗaya tana ɗora kanta a kan alade, tana tashi ta yi sallar asuba. Ta yi ta a'uziyya, ni kuma na cusa mayafi a baki don kada dariya ta ƙara mini yawan dukan da ke jirana.

Ammi Salim ya ce yana da Baturen da ya daɗe yana neman irin wannan, in za ta sayar. Ta ce ba nata ba ne, ta ba shi labarin Malam Ibrahim da cigiyar da take yi duk shekara a cikin Kanawa. Ya juya bayan lambar ya nuna mata babu suna, ya ce irin wannan a takarda ake rubuta sunan mai shi. Sai ya cire madubin daga ido, ya ce, “Ya Hajja, Kano ta Ingilishi ce. Ingilishi ba ta ba da wannan. Shekara goma sha ɗaya kana buga ƙofar da ba ita ba. Mutuminki na ƙasar Faransa ne.” Ya lissafa mata Damagaram da Maraɗi da Tawa, ya ce duk Hausawa ne, kuma da yawansu ta Kano suke biyowa su hau mota, shi ya sa in an tambaye su sai su ce daga Kano suka taso. Habboba ta daɗe tana kallon ɗan zoben nan. Da muka fito ta ce, “To, alade ma ya yi rana.” Na tambaye ta dukan fa, don na fi son a yi a gama. Ta ce sai mun isa gida. Da muka isa gida ta shagala da yi wa Khala Mairo bayanin ƙyalle da matakai, Babana kuma ya ce tunda nishan ne ai sai a bar shi, har ya roƙa a ba shi ya ɗan riƙe.

Alhazan wannan shekarar sun riga sun watse, sai muka jira ta gaba. Ban taɓa ganin shekara mai tsawonta ba, don ciwon Habboba ya tashi sau biyu a cikinta, kuma kowane karo sai ta kira ni ta sa in maimaita mata sunayen garuruwan nan uku, ko da za ta rigaye. Da jirage suka fara zuwa, muka wuce Kanawanmu suna kiranta suna tsokana, muka nemi ɓangaren mutanen Nijar. Dabarar da ta yi ita ce ta maƙala lambar a ƙirjin rigata ta rufe da mayafi, in mun iso gaban dattijai sai ta ce “yalla”, in buɗe, in rufe. Kwana biyu babu wanda ya ce komai sai sambarka. A rana ta uku wani tsoho siriri da ke jiƙa ƙanzo a kwano ya ga na buɗe, sai ya ajiye kwanon, ya miƙe tsaye ƙyam, ya ƙame ya sara mini, ni 'yar shekara goma mai farantin gyaɗa a ka. Tsohon soja ne daga Damagaram. Ya ce a garinsu waɗanda aka ba wannan ba su da yawa, duk ya san su, kuma ɗaya ne kawai ya tafi Makka bai koma ba.

Habboba ba ta ba shi suna ba, ta bar shi ya faɗa da bakinsa. Ya ce Ibra Tafinta, dogo, da tabo a haɓa inda doki ya taɓa harbinsa, 'yarsa ɗaya Hadiza, tana nan da 'ya'yanta a bayan kasuwa. Sai ya ƙara da abin da ba mu sani ba. Ya ce da shekaru suka wuce ba labari, mutane suka fara cewa Ibra bai ko isa Makka ba, ya samu wuri a Sudan ya yi aure ya manta da gida, kuma Hadiza ta daina zuwa taron mata saboda wannan magana. A nan na ga Habboba ta yi kuka, ita da ko a ciwo ba ta yi. Ta kira mutum biyu daga cikin ayarinsa su zama shaida, ta cire lambar daga rigata, ta mayar cikin audugar, ta ɗaure gwangwanin da igiyarsa. Ta ce, “Ka gaya mata ya tsaya Arfa. Ka gaya mata a cikin harami ya cika, a Mina, mijina ne ya yi masa sutura. Kuma sunanta ne abu na ƙarshe da ya faɗa a gidana.” Tsohon ya sa hannu biyu ya karɓa.

Da Hajji ya zagayo, wata mata daga Damagaram ta yi ta cigiya a Karantina har aka kawo ta gidanmu. Ta zo da kilishi da takalmin fata da wasiƙar ajami, wadda malamarmu ta karanta a tsakar gida mata na saurare. Hadiza ta ce ta yi wa mahaifinta sadaka, ta sa an karanta labarin rasuwarsa a ƙofar masallaci kowa ya ji, kuma ta haifi 'ya mace ta sa mata sunan kakata. A cikin ƙullin akwai wata 'yar sarƙar dutsen ado, ƙarama ƙwarai, wai ta amaryar yarinyar da ta buɗe gwangwani. Habboba ta ƙara shekara shida a duniya bayan haka, tana barcinta har da minshari, ko da yake na sha ganin hannunta ya tafi ƙarƙashin matashi da kansa ya dawo. Duk sanda na yi mata laifi takan tuna mini cewa akwai wani tsohon duka da ba ta yi ba, in ce a haɗa a yi yau, ta ce yau ta gaji.

Yanzu babu Karantina. An rushe ta, na je na tsaya a filin ban iya nuna inda ɗakin Habboba yake ba, balle bayan ɗakin da aka yi biki. Kwanan baya na ba jikana wannan labari, kafin in kai ƙarshe ya latsa wayarsa ya nuno mini Baƙar Tauraruwa, ga ƙyallen, ga zoben ganyen, har da ɗan aladen an ƙara girmansa ya cika fuskar wayar. Masu tara irin waɗannan kaya sun rubuta komai a ƙasa, ƙasar da ta bayar da matakinsa da irin azurfarsa. Abin da ya ci wa kakata shekara goma sha biyu, yaro ya gano shi kafin shayina ya huce. Na duba ko sun rubuta na wane ne, da wanda ke jiransa a gida, ban gani ba. 'Yar sarƙar tana nan a cikin akwatina, na kuma girmi Habboba ta wancan lokaci da shekaru. Har yau ina jiran dukan nan.